Rafin da Ba a Faɗin Sunansa

Tolliver, Montana
Talata, Yuli 1986

Zuwa ga maigidana Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinka, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Yaya teku, yaya sanyin Alaska? Yaya kafaɗar nan da ka ɓoye mini ciwonta har ranar tafiyarka? Ina fata kifi ya zo muku da yawa bana. Ka gai da abokan aikinka na cikin jirgi.

Ni kam lafiyar jiki ce kawai. Wendell, Baba bai dawo gida ba.

Na san kafin jirgin wasiƙu ya kai maka wannan, abin da zai faru ya riga ya faru. Amma in ban rubuta ba, zama zan yi ina kallon hanya, kuma na kalle ta har idanuna sun gaji.

Ranar Lahadi da safe ya fita. Ina ɗakin ɗab'i ina jera haruffan fitowar kaka ta mujallarmu, hannuna duk tawada, na ji yana loda sandar fatsa da wandon robar shiga ruwa a tsohuwar a-kori-kurarsa. Na leƙa ta taga na tambaye shi ina za shi, kamar kullum. Shi ma ya ba ni amsarsa ta kullum: “Inda ruwa yake, Malama Edita.” Na ce ya dawo kafin abinci ya huce. Ya ɗaga mini hula ya tafi. Iyakar abin da muka ce wa juna ke nan.

Da yamma ta yi bai dawo ba, ban damu ba. Ka san in ƙwari suka fara tashi a kan ruwa, kifi na tasowa yana cafkarsu, Baba sai duhu ya koro shi. Amma da gari ya waye na tarar da gadonsa yadda na gyara shi. Na shiga kicin, sai ga kwalbar maganin zuciyarsa a bakin taga, kusa da butar kofi. Bai tafi da ita ba.

Na buga waya ofishin 'yan sandan gunduma, suka turo Ladd Purcell, mai gashin bakin nan da ya taɓa tare ka a kan gudu a hanyar gada. Ya zauna a teburinmu ya tambaye ni inda Baba yake zuwa fatsa. Na ce ban sani ba. Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce ai ko matarsa, wadda ba ta taɓa riƙe sandar fatsa ba, ta san Elmer Sandvik da waƙoƙinsa na Rafin Gwauruwa, ta yaya 'yarsa da ke buga masa su za ta ce ba ta san wurin ba?

Kai ka san zancen, amma shi sai da na yi masa dalla-dalla. Na ce babu wani Rafin Gwauruwa a taswira, Baba ne ya raɗa masa. Na ɗauko mujallar tamu, *Tsakuwa*, na buɗe masa bayan bango, inda muke buga layi ɗaya tun fitowar farko: a wannan mujalla ba ma faɗin sunan ruwa. Na ce ƙaramin rafi ba ya ɗaukar ƙafa da yawa. Ka rubuta sunansa bana, baɗi ka tarar da motoci jere, shekara mai zuwa kuma babu kifi. Don haka duk marubucin da ya aiko mana labari ko waƙa da sunan ruwa a ciki, ni da kaina nake sa jan fensir in soke. Kuma a cikin mutanenmu ba a tambaya. Tambayar mutum rafinsa rashin kunya ce, ko da ubanka ne.

Ladd ya shafa gashin bakinsa ya ce, “To madalla, Uwargida. Kun ɓoye rafi har kun haɗa da mutumin.”

Na so in watsa masa kofi, amma gaskiya ya faɗa. Rafukan da ke gangarowa daga duwatsun gundumar nan ba su ƙirguwa. Baba ya haura saba'in. Ko a Yuli, can sama ruwa yana daskarewa a cikin kwano kafin safiya, kuma rigar sanyinsa mai kauri tana nan rataye a bayan ƙofa. Ga muguwar dabbar nan beyar da 'ya'yanta a wannan lokaci. Ina ƙoƙarin kada in yi tunanin beyar, sai in koma tunanin duwatsu masu santsi, in na bar wannan kuma in koma kan kwalbar magani.

Sun ce gobe ƙaramin jirgi zai yi shawagi ko zai hango motar. Ina jin tsoro, Wendell, irin wanda ban taɓa ji ba, ko lokacin jinyar Mama. Ita aƙalla na san ɗakin da take.

Ka kula da kanka, kada ka hau saman jirgi ba igiya. Ba zan iya da biyu ba.

Taka har kullum,
Lorna

Tolliver, Montana
Laraba da yamma

Maigidana Wendell,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci mai zafi, ba biskit da kofi kawai ba. Nan dai har yanzu shiru.

Jirgin ya yi ta kewayawa, bai ga motar ba. Ban yi mamaki ba, amma na kasa gaya wa Ladd dalili a gaban mutane: Baba ba ya ajiye mota inda za a gan ta.

Ka ji abin da Ladd ya yi. Ya kwashi tsofaffin fitowar *Tsakuwa* ya tafi da su gida, ya karance duk abin da Baba ya rubuta a kan rafin, ya dawo da murnarsa. Wai ya gano. Rafin yana gangarawa yamma, akwai gadar katako, akwai ƙonannen rumbu a bakin hanya, to wuri ɗaya ne ya dace da wannan. Na ce masa kada ya wahalar da mutane. In Baba ya rubuta yamma, gabas ne. Gadar nan ma tare muka ɗauko ta daga wani kwari muka dasa a labarin, muna dariya, don masu bin sawu su sha yawo. Ya ce shi abin da ke hannunsa ke nan, in ina da wanda ya fi shi in kawo. Ba ni da shi. Haka mutane da karnuka suka wuni a kwarin da na san Baba ba ya ciki.

Labari ya bazu a rediyo, masu karanta mujallarmu sun fara isowa. Wasu daga Idaho, wani malamin makaranta tun daga Oregon ya kwana yana tuƙi. Sun kafa tantuna a filin baje koli, matan coci suna kai musu miya da burodi. Allah ya saka musu, da yawansu don Baba suka zo, wata ma tana riƙe hannuna tana karanto mini baitocinsa da ka tana hawaye. Amma kowa da taswirarsa, kowa da nasa hasashen inda Rafin Gwauruwa yake, kai ka ce shekara da shekaru suna jiran wannan rana. Na zagaya bayan motocinsu, Wendell. Kusan kowace akwai sandar fatsa a ciki.

Da rana na kasa zama, na shiga ɗakin Baba inda yake ɗaurin ƙwarin fatsa, na jabu da ake haɗawa a ƙugiya don yaudarar kifi. Gashin zakara da zare barbaje a tebur yadda ya saba bari. A bakin ɗan ƙarfen da ke riƙe ƙugiya akwai ƙwaro ɗaya da bai gama ɗaurawa ba, babba, koren jiki, fiffike ɗaya a ɗaure, zare yana lilo. Na kwance shi na naɗe a hankici, na tafi gidan Kawu Royce.

Na san za ka ce ina ni ina gidan Royce Kettering. Tun kafin aurenmu Baba bai ƙara ambaton sunansa ba. Ban taɓa ba ka labarin duka ba. Tare suka tashi, tare suka kafa *Tsakuwa*, Baba na rubutu, Kawu na ɗaukar hoto. Sai Kawu ya sayar wa wata babbar mujallar birni hoton Baba riƙe da kifi, a bayansa kuma ga ƙololuwar wani dutse da duk ɗan yankin nan ya san shi. Bai rubuta suna ba, amma dutsen ya isa. Wancan rafin, ba na Gwauruwa ba, wani ne daban, bai ƙara komawa yadda yake ba. Na Gwauruwa kuwa su biyu suka gano shi suna samari, kuma a duniya Kawu kaɗai ya rage da ya san hanya.

Na same shi a baranda da bututun iska a hanci, tukunyar iskar a gefen kujera. Ya rame ƙwarai. Bai bari na gama gaisuwa ba ya ce ya san abin da ya kawo ni, kuma ba zai faɗa ba. Ya ce sun yi wa juna rantsuwa, kuma ubana ya faɗa masa da bakinsa, in wata rana ya faɗi a can, a bar shi a can. Ya ce, “Sau ɗaya na nuna ruwa, 'yar nan, kin ga abin da ya ci mini. Ba zan ƙara ba.”

Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, na ce rantsuwar yara ce, su biyu tsofaffin banza ne masu taurin kai. Ko gezau. Sai ya dube ni ya ce, “Wa ya gaya miki mantawa ya yi da maganin?”

Wendell, na zauna a kan matakala. Wannan tunanin bai taɓa zo mini ba. Na tuna tun bazara yake cewa idonsa ba ya ganin kafar ƙugiya. Na tuna yadda ya ɗaga mini hula. Ya saba ɗagawa, ko kuwa wannan karon daban ne? Na juya abin a raina har na daina sanin me na gani.

Sai na tuna hankicin. Na buɗe na miƙa masa. Na ce Baba bai taɓa barin waƙa rabi ba, bai taɓa barin ƙwaro rabi ba sai in zai dawo ya ƙarasa, kuma Kawu ya fi ni sanin haka. Ya kai shi kusa da idonsa, ya daɗe yana juyawa. Ya ce babban kore ne, kuma a wannan wata ƙwaron gaske irin wannan ya gama tashi a ƙasan rafi, sai can saman inda ruwa ke zubowa daga dutse. Ya ce, “Jakin tsoho. Hawa ya yi.”

Ya ce in zo da sassafe da Ladd shi kaɗai, ba kowa a bayanmu. Ba zai faɗi suna ba, ba zai zana komai ba. Zai zauna a mota ya nuna da hannu.

Gajimare ya taru a kan duwatsu tun la'asar. Wannan shi ne dare na huɗu. Ka yi mana addu'a, ko da ta iso a makare.

Matarka mai ƙaunarka,
Lorna

Daga asibiti
Juma'a

Wendell nawa,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya. Bari in faɗa maka tun a layin farko don kada ka sha irin azabar da na sha: yana da rai. Ƙashin ƙugunsa ya karye, zuciyarsa ta wahala, amma yana numfashi a ɗakin da ke bayana. Sai dai ban sani ba ko na same shi ko na rasa shi.

Mun fita tun kafin masu tantuna su farka. Kawu yana tsakiyarmu rungume da tukunyar iskarsa, ba ya magana, sai dai ya ɗaga yatsa dama ko hagu. Muka bar kwalta, muka bar hanyar masu yankan katako, muka shiga wadda ciyawa ta cinye. Can Kawu ya taɓa gwiwar Ladd. Ba mu ga komai ba sai da ya nuna. Motar Baba tana bayan wani tsohon ramin tsakuwa, an lulluɓe ta da koren tamfol, an jera rassa a kai. Tsoho mai ciwon zuciya ya tsaya ya yi wannan aiki kafin ya fara hawan dutse.

Kawu ba ya iya tafiya, dole muka bar shi a mota. Ya nuna mana wani ɗan ruwa da ke tsiyayowa ta ƙarƙashin hanya, wanda ko kare zai tsallake bai lura ba, ya ce mu bi shi, kada mu rabu da shi. Ya kama rigata ya ce, “In kin same shi, ki ce masa ban faɗi sunan ba.”

Hawan ban san yadda na yi shi ba. Kowane gungume da na hango kwance a ruwa sai in ga mutum ne, in matsa in ga itace. Na yi ta kiran Baba har muryata ta dushe. Muka ga kashin beyar sabo a kan hanya, Ladd ya ɓalle maɓallin gidan bindigarsa. Muka hau ta gefen inda ruwan ke zubowa, da hannu da ƙafa, duwatsun duk gansakuka.

Da muka fito sama sai ga fili, ciyawa har gwiwa, rafi yana lanƙwasa a tsakiya. Na san wurin, Wendell. Ban taɓa taka shi ba amma na san shi, don na jera shi harafi-harafi tun ina budurwa. Ga karkataccen itacen, ga farin dutsen, sai dai komai yana ɗaya gefen. Ruwan garau, kifaye masu jan wuya suna tsaye a ciki ba su ma gudu ba da suka ga inuwarmu.

Sandar fatsarsa na fara gani, an jingine ta a jikin wani ƙaramin itace. Shi kuma yana ƙasan gaɓa, a kwance a kan tsakuwa, ƙafa ɗaya a juye yadda ƙafa ba ta juyawa. Fuskarsa ta yi toka-toka, leɓensa ya tsage. Hularsa na gefensa da sauran ruwa a ciki, da ita yake kamfata yana sha. Na ɗauka gawa ce. Na durƙusa na kasa taɓa shi. Sai ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona, ya ce, “Wa ya faɗa miki?”

Ba sannu ba, ba Lorna ba.

Ladd ya rufa masa bargo, ya ba shi maganin da na zo da shi. Da ya ɗaga kansa don ya sha, na ga abin da ya yi matashi da shi. Rigar nan ce mai launin lemo da na saya masa don mafarauta su riƙa hango shi. Jirgi ya wuce ta kansa ranar Laraba, shi da kansa ya faɗa. Yana da ita a hannu, maimakon ya ɗaga a gan shi, ya ninke ta ya tusa a ƙarƙashin kai. Wannan ya fi karyewar ƙashin ba ni tsoro.

Ladd ya taɓa wuyansa, ya ja ni gefe. Ya ce Baba ba zai kai ƙasa da rai ba in aka ce a kafaɗa za a sauke shi ta wannan dutsen, sai jirgi mai saukar ungulu. Ya shimfiɗa taswira ya gano inda muke, ya ciro rediyonsa. Baba yana jin mu. Ka san kwarinmu, kowane kicin akwai akwatin sauraron rediyon 'yan sanda a kan firiji, har a filin baje koli an kafa ɗaya a kan tebur, mutum ɗari kewaye da shi. Baba ma ya sani. Ya ce, “Ku ɗauke ni a kafaɗa. In ba za ku iya ba ku koma gida, na gode da ziyara.”

Ladd ya ce mutumin yana cikin hankalinsa, kuma ya ce ba ya so, shi ba zai yi gaban kansa ba sai da yawun iyali. Suka zuba mini ido su biyu. Baba ya kama wuyan hannuna. Ban san inda ya sami ƙarfin ba, shatin yatsunsa yana nan ya yi baƙi. Ya ce, “Lorna, kada ki bari. Ke ce mai jan fensir.”

Na dubi ruwan. Ba zan ɓoye maka ba, na fahimce shi sarai, kuma wannan ne ya fi ciwo. Na san abin da zai sami wurin. Sai na dubi leɓensa da ya fara shuɗi. Na karɓi rediyon daga hannun Ladd, don ban so a ce wani ne ya yi. Na karanta sunan daga taswira na faɗa. Matar da ke ɗaya gefen ta ce ba ta ji ba, in maimaita. Na maimaita da ƙarfi, na ƙara da cewa saman inda ruwa ke zubowa.

Sunan ba wani suna ba ne, na wani mai haƙar zinariya ne da aka manta. Ba zan rubuta maka shi ba. Duk gunduma ta ji, amma hannuna ya ƙi.

Baba ya saki hannuna ya rufe ido. Tun daga nan bai ƙara ce mini uffan ba. Yana amsa wa likita, yana gode wa masu jinya, in na shiga sai ya juya fuska bango. An kawo masa abinci ya ture.

Zan tsaya nan, an kira ni. Ka riƙe ni a ranka.

Taka,
Lorna

Tolliver, Montana
Agusta

Zuwa ga maigidana, abin begena,

Gaisuwa mai tarin yawa. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na sake karantawa a zaune. Na gode Allah da kafaɗar ta yi sauƙi. Kada ka baro aiki saboda mu, saura kaɗan ku gama.

An sallamo Baba, na sa masa gado a falo. Likita ya ce ƙashin zai haɗe har ya taka zuwa bakin titi da sanda, amma shi da hawan dutse har abada. Abin da ya fi damun likitan shi ne rashin cin abinci. Ya ce in aka ci gaba a haka ba zai ga hunturu ba. Na dafa duk abin da yake so, har fanken da Mama take yi masa, yana komawa kicin yadda ya fito. Kullum da safe sai na tsaya a ƙofar falo na ga bargon yana motsi kafin in iya shiga.

Kawu Royce yana zuwa kowace yamma, maƙwabcinsa ke kawo shi. Ranar farko ya ce, “Ban faɗi sunan ba, Elmer.” Baba ya ce, “Na sani. Da yatsa ka yi, kamar wancan karon.” Haka suke zama har rana ta faɗi, ɗaya da bututu a hanci, ɗaya da fuska a bango, amma bai kore shi ba.

Ranar Asabar na koma can ni kaɗai. Da ma ban je ba. Jaridar gunduma ta buga sunan a shafin farko, har da ɗan zane. Motoci sun cika ramin tsakuwar sun malalo hanya, da lambobin jihohin da ban taɓa zuwa ba. Inda muka hau da hannu da ƙafa wani ya ɗaura igiya. Ciyawar filin ta kwanta, an yi murhu a gindin karkataccen itacen, ga gwangwanaye. Na ga kifi ɗaya mai jan wuya ya juya farin cikinsa sama a bakin gaɓa. Wani saurayi ya gane ni, ya zo da fara'a yana cewa wurin ya fi yadda yake a waƙa kyau. Ba mugu ba ne, Wendell, duk fitowarmu yana da ita. Na wuce shi na sauko.

Da na dawo na shiga falo da kwanon miya, takalmana duk laka. Ban yi tunanin cire su ba. Baba ya dubi takalman. Sai ya yi mini magana, karo na farko tun ranar: “Kin je.”

Na ce na je.

Ya ce, “Da mutane?”

Kawu yana kujerarsa, na ji ya daina jan iska. Ni kuwa bakina ya buɗe da kansa. Na ce babu kowa, Baba. Na ce sun zo kwana biyun farko, suka ga hawan, suka koma. Na ce ciyawa ta tashi, kifayen suna nan tsaye a ƙarƙashin farin dutsen, har na ga ɗaya ya taso ya ɗauki ƙwaro. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Ya kafe ni da ido, irin kallon da yake yi wa shafi in na kawo masa kafin a buga, yana neman inda suna ya kuɓuce mana. Na tsaya riƙe da kwano. Ya daɗe. Sannan ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna, daidai inda shatin yake, amma a hankali. Ya ce, “Babu gyara, Malama Edita. Kawo miyar.”

Ya sha rabi. Jiya ya shanye duka, ya ce a miƙo masa koren ƙwaron nan da bai gama ba.

Ban sani ba ko ya yarda, kuma ba zan tambaya ba. Na ɓoye jaridar, na roƙi Ladd da matan coci, Kawu kuwa ba ya bukatar roƙo. Saura kai. Na san ka, ba ka iya ƙarya ba, kunnuwanka ja suke yi. To ka fara koyo tun daga cikin jirgi. Ranar da ka dawo zai sa ka zauna kusa da shi, zai yi ta zagaye-zagaye da zancen teku, daga ƙarshe zai tambaye ka ko ka ji labarin wurin. Ka dube shi cikin ido ka ce babu kowa a can.

Ka dawo mini lafiya. Ina jiranka.

Matarka,
Lorna